Filin Tambaya da Amsa: Gwamnati Ta Gina, Wa Zai Gyara?

Wasiƙun da suka taru a teburina wannan watan, mafi yawansu a kan muhalli suke: haya ta yi tsada, fili ya gagara, mai gida ya ba da notis. Na zaɓi guda huɗu. Kamar yadda muka saba, na sakaya sunayen masu tambaya.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam Safiyo, barka da ƙoƙari. Ni malamin makaranta ne, shekarata 11 ina zaman haya da iyalina. Kusan rabin albashina a kuɗin haya yake tafiya, bana kuma mai gida ya sake yin ƙari. Duk lokacin zaɓe sai mu ji alkawarin gidaje dubu kaza. Wani abokina ya ce in daina sa rai, wai gina gida ba aikin gwamnati ba ne, duk inda ta sa hannu ƙarshensa kango. Shin akwai inda gwamnati ta gina wa jama'a gidaje abin ya yi albarka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka maka da alheri a kan yaran da kake koyarwa. Masana harkar gidaje suna da wani ma'auni da suka daɗe suna aiki da shi: idan kuɗin muhalli ya haura kashi 30 cikin ɗari na abin da iyali ke samu, nauyin ya yi yawa. Kai kana kan rabi. Kukanka ba raki ba ne.

Abokinka yana da hujja, zan kuma kawo masa ita da bakina. Amma bari in fara da abin da bai ji ba.

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, Biyana, babban birnin Ostiriya, wuri ne na cunkoso da talauci. Ma'aikata suna zaune a ɗakunan da ba famfo ba makewayi a ciki. Akwai ma waɗanda gado kawai suke haya, su kwanta a kai sa'ad da mai shi ya tafi aiki. Tarin fuka ya yi musu katutu har ana kiransa ciwon Biyana. A 1919 jam'iyyar Social Democrat ta ci zaɓen birnin, a 1923 kuma mai riƙe da baitulmalin birnin, Hugo Breitner, ya kawo harajin gina gidaje, wanda aka tsara shi ta yadda masu manyan gidajen alfarma ne ke ɗaukar kaso mafi tsoka. Kafin 1934 birnin ya gina gidaje sama da 60,000. Mafi shahara a cikinsu shi ne Karl-Marx-Hof, wanda aka buɗe a 1930. Tsawonsa ya haura kilomita ɗaya, yana da gida 1,382, da wuraren wanki, da makarantun renon yara, da fili mai ciyayi a tsakiya. A jikin bangon yawancin gine-ginen nan, da manyan haruffa, an rubuta cewa hukumar birnin ce ta gina su da kuɗin harajin gina gidaje. Rubutun yana nan har gobe, mutane ma suna ciki.

Yau hukumar birnin Biyana tana da gidaje kimanin 220,000, da mutum kusan rabin miliyan a cikinsu. In aka haɗa da gidajen ƙungiyoyin da doka ta ƙayyade musu riba, kusan rabin mutanen birnin a irin waɗannan gidaje suke. Abin da ya fi burge ni shi ne ba su mai da su gidajen talakawa zalla ba. An ɗaga iyakar albashin da ke ba mutum damar shiga ta yadda mafi yawan mazauna birnin sun cancanta, kuma idan arzikinka ya ƙaru bayan ka shiga, ba mai korar ka. Sai ka tarar da direban bas da malamin jami'a suna hawa matakala ɗaya. Ranar da famfo ya lalace, a cikin masu ƙorafin akwai wanda ya san ƙofar da zai buga. Mai gidan haya na kasuwa ma dole ya sassauta, don ɗan hayarsa yana da wurin zuwa.

Ƙasar Singafo ta bi wata hanyar daban. An kafa hukumar gidajenta, HDB, a 1960, ƙarƙashin Lim Kim San. Ranar 25 ga Mayu, 1961 gobara ta lashe unguwar Bukit Ho Swee, ta bar mutum kimanin 16,000 ba wurin kwana, sai hukumar ta ɗaura ɗamara. Cikin shekara biyar na farko ta gina gidaje sama da 50,000. A 1966 aka yi dokar da ta ba gwamnati ikon karɓar fili don amfanin jama'a a kan diyyar da ba ta bin tashin kasuwa. Filin da ke hannun gwamnati bai kai rabin ƙasar ba a 1960, yanzu ya kai kusan kashi 90 cikin ɗari. A 1968 aka ba ma'aikata damar sayen gida da kuɗin asusun ajiyarsu na dole, a kan yarjejeniyar shekara 99. Yau kusan mutum takwas cikin goma na 'yan ƙasar a gidajen HDB suke.

Ka lura da maganar fili, Malam, domin a nan gizo ke saƙar. Na yi shekaru ina jan tef ina kafa duwatsun iyaka, kuma abin da aikin ya koya mini shi ne siminti da rodi ba su ne ke sa gida ya gagari talaka a birni ba. Kuɗin ɗora bulo a tsakiyar gari da a bayan gari ba su da wani bambanci mai yawa. Filin da ke ƙarƙashin bulon ne ke ninkawa sau goma, sau ashirin. Kuma mai filin bai yi komai ba darajar ta tashi. Titin da aka shimfiɗa, da bututun ruwa, da makaranta, da tashar mota, waɗanda duk da kuɗin jama'a aka yi su, su suka ɗaga ta. Gwamnatin da ba ta riƙe da fili a inda mutane ke aiki, sai dai ta saya da tsada a hannun dillalai ko ta gudu jeji.

To, ga hujjar abokinka. A birnin St. Louis na Amurka an gina rukunin gidajen Pruitt-Igoe a tsakiyar shekarun 1950: bene 33, kowanne hawa 11, gida 2,870. A 1972 aka fara tarwatsa su da nakiya, ba su cika shekara ashirin ba. Hoton rushewarsu ya zaga duniya, ya zama hujjar duk mai cewa gwamnati ba ta iya gida ba. Amma duba yadda aka tsara kuɗin. Gwamnatin tarayya ta biya kuɗin gini, gyara da kula kuwa aka ce daga kuɗin hayar mazauna za su fito. A daidai lokacin masana'antu suna barin birnin, mutanensa suka ragu daga kimanin 857,000 a 1950 zuwa kimanin 622,000 a 1970. Masu ɗan abin hannu suka tashi, aka bar waɗanda ba su da komai, yawancinsu baƙaƙen fata da wariya ta rufe wa ƙofar wasu unguwanni. Kuɗin hayar da ake tarawa ya ragu, gyara ya tsaya, na'urar hawa bene ta mutu, bututu ya fashe, wasu suka ƙara tashi. Ginin bai gaza don gwamnati ce ta gina shi ba. An gina shi ne aka juya masa baya.

Na ga irin wannan da idona. An taɓa sa ni cikin tawagar da ta je duba wani rukunin gidajen gwamnati, shekara huɗu da buɗe shi. A bakin ƙofa allon marmara yana ta sheƙi, da sunan wanda ya ƙaddamar da ranar da aka yi bikin. Da muka zagaya baya, muka tarar injin da ke tura ruwa sama ya ƙone tun wata shida. A matakala na ci karo da wata baiwar Allah ɗauke da jarka biyu, za ta hawa na huɗu, tana ajiye su a kowane hawa ta numfasa, tafin hannunta duk ya yi ja. A wani gida na hawan ƙarshe na taɓa silin da yatsa ya lotsa, yoyo ya gama da shi. Mai kula da wurin ya buɗe mini littafin ƙorafi, shafi bayan shafi cike da rubutun mazauna, layin da aka ware don sa hannun wanda ya gyara kuwa fari fat daga sama har ƙasa. Ba malalaci ba ne, ya nuna mini kwafin wasiƙun da ya rubuta wa ofishinsu. A kasafin aikin ne tun farko ba a ware ko sisi na gyara ba. Na koma gida ranar nan raina a ɓace, don na san kuɗin injin nan bai kai na rumfunan da aka kafa ranar biki ba.

Saboda haka ka gaya wa abokinka, gwamnati tana iya gina gida, ta kuma gina miliyoyi da suka yi ƙarko. Inda ake rabuwa da ita shi ne bayan an watse daga biki.

Tambaya: Malam, ina gaisuwa. Ni bazawara ce, ina zaune da 'ya'yana uku a gidan gwamnati da muke biyan haya tun maigidana yana da rai. Yanzu ana rade-radin za a sayar wa mazauna a kan rangwame. Na yi murna, amma na taɓa karanta inda ka nuna ba ka son sayar da gidajen gwamnati. In saya ko kada in saya?

Amsa: Hajiya, Allah ya jiƙan maigida, ya raya abin da ya bari. In kina da hali, ki saya, kada maganata ta sa ki yi jinkiri. Uwar marayu uku ba ita za ta ɗauki nauyin gyara tsarin ƙasa ba. Sai dai kafin ki sa hannu, ki nemi a nuna miki a rubuce irin takardar mallakar da za a ba ki, da shekarun da take ɗauke da su. In gidan bene ne, ki tambayi wa zai riƙa biyan kuɗin gyaran rufi da matakala da tankin ruwa bayan an sayar, don sau da yawa wannan nauyin yana dawowa kan masu saye ba tare da sun shirya masa ba.

Abin da nake adawa da shi, sayarwa ba tare da mayar da gurbi ba. Birtaniya ce babban darasi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu manyan jam'iyyunta biyu gasa suke yi a kan wa zai fi gina gidaje. Harold Macmillan, ɗan jam'iyyar masu ra'ayin riƙau, shi ne ministan da ya kai ga gida 300,000 a shekara a 1953, kuma mafi yawansu na ƙananan hukumomi ne. Zuwa 1979 kusan gida ɗaya cikin uku a ƙasar na hukuma ne. A 1980 gwamnatin Margaret Thatcher ta yi dokar da ta ba ɗan haya 'yancin sayen gidan da yake ciki, da rangwamen da ya fara daga kashi 33 ya kai har 50 cikin ɗari, daga baya ma aka ƙara. Iyalai da yawa sun amfana, ba na musun wannan. Amma an ɗaure hannun ƙananan hukumomi, ba a bar su sun sa kuɗin cinikin a sabon gini yadda ya kamata ba. An sayar da gida kusan miliyan biyu a Ingila, abin da aka gina a madadinsu bai taka kara ya karya ba. Yau iyalai sama da miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu suna jerin jira a Ingila. A Landan an gano kusan huɗu cikin goma na gidajen da aka sayar sun koma hannun masu ba da haya, har wasu ƙananan hukumomi suna karɓar hayar gidajen da a da nasu ne, da tsada, don su ajiye marasa muhalli. Sukotland ta soke dokar a 2016, Wales ta bi sahu a 2019.

Birnin Balin na Jamus ma ya ɗanɗana. A 2004, bashi ya sha masa kai, ya sayar da kamfanin gidajensa na GSW mai gida kusan 65,000 a kan Yuro miliyan 405, masu sayen suka ɗauki bashin da ke kan kamfanin. A 2021 birnin ya sayo gidaje ƙasa da 15,000 daga manyan kamfanonin haya a kan kusan Yuro biliyan biyu da rabi. Manomin da ya cinye irin shuka da rani, da damina zai san kuɗinsa.

Ki sayi naki, Hajiya. Amma in an kira taron mazauna, ki ɗaga hannu ki tambaya ina kuɗin zai tafi, don wata mai irin halinki tana nan tafe a baya.

Tambaya: Malam, me zai hana gwamnati ta yi doka kawai ta ƙayyade kuɗin haya, kowa ya huta?

Amsa: Ɗan'uwa, dokar da ta hana a tashi mutum dare ɗaya, ta kuma sa iyaka ga ƙarin da za a yi a shekara, ina goyon bayanta ɗari bisa ɗari. Amma daskarar da haya gaba ɗaya yana taimakon wanda ke ciki ne, ya bar na waje a rana. Balin ta gwada a 2020, ta tsayar da hayar gidaje kimanin miliyan ɗaya da rabi. Haya ta sauka a gidajen da dokar ta shafa, amma gidajen da ake tallatawa don haya suka ragu ƙwarai, kafin kotun tsarin mulki ta soke dokar a Afrilun 2021 bisa hujjar cewa ba hurumin birnin ba ne. A Stockholm, babban birnin Suwidin, matsakaicin jiran gida mai ƙayyadajjen haya ya kai wajen shekara tara. In iyali goma suna neman ɗaki bakwai, doka tana iya zaɓar waɗanda za su shiga, amma ukun nan suna waje har sai an gina.

Tambaya: Baba, ni matashi ne, na gama karatu na samu aiki, aure nake so amma ɗaki ya gagare ni. Abin da ke ɗaure mini kai, duk ɗan takara yana cewa zai sauƙaƙa gidaje, amma ban taɓa ganin farashi ya sauka ba. Yaudara ce ko rashin iyawa?

Amsa: Ɗana, Allah ya kawo mafita, ya haɗa ka da ta gari. Akwai yaudara, akwai rashin iyawa, amma akwai abu na uku da ya fi su ƙarfi, wanda ba a cika faɗa a dandalin kamfe ba. Abin da kake kira tsada, wani arzikinsa ke nan. Wanda ya riga ya mallaki gida ko fuloti, duk tashin farashi riba ce a gare shi, kuma sau da yawa shi ne jarin tsufansa. Masu gida sun fi 'yan haya shekaru, sun fi su zama wuri ɗaya, sun fi su fitowa zaɓe, su ne kuma ke cika taron unguwa. Ɗan haya yau yana nan, baɗi ya tashi. Ɗan siyasa ya iya lissafi. Yana so ka samu gida, amma ba ya so gidan wanda zai zaɓe shi ya rage daraja, kuma abu biyun nan ba sa tafiya tare cikin sauƙi.

Wani lokaci ma a doka ake rubuta wannan. A 1950 masu zaɓe a jihar Kalifoniya ta Amurka sun sa wani sashe a kundin tsarin mulkin jihar, sashe na 34, da ya ce ba za a gina gidajen gwamnati masu rahusa a wani gari ba sai mutanen garin sun amince ta hanyar ƙuri'a. A 1998 majalisar Amurka ta yi dokar da ta hana a yi amfani da kuɗin tarayya a ƙara yawan gidajen gwamnati fiye da adadin da ake da shi a 1999. Ko Singafo da na yaba, gidajen sun zama sandar siyasa. A zaɓen 1997 jam'iyya mai mulki ta faɗa ƙarara cewa mazaɓun da suka zaɓi 'yan adawa su ne za su zo ƙarshe a layin gyaran gidaje. Wannan ba daidai ba ne, kuma duk mai son gidajen gwamnati ya kamata ya faɗi haka da babbar murya.

Sai kuma matsalar ƙidaya. Wa'adin ɗan siyasa shekara huɗu ne ko biyar, gida kuwa ana so ya yi sittin. Abin da zai iya nunawa kafin zaɓe shi ne adadi, hanya mafi sauƙi ta samun adadi kuma ita ce fili mai arha, wato nesa da gari. Afirka ta Kudu ta yi alkawarin gida miliyan ɗaya cikin shekara biyar a 1994, daga baya ta gina miliyoyi, aiki ne babba da ya fitar da mutane da yawa daga ɗakunan kwano. Amma da yawansu a gefen birane aka jera su, inda mulkin wariya ya riga ya tura baƙar fata, sai abin da aka rage wa mutum a haya ya tafi a kuɗin mota. A Meziko an gina unguwanni masu nisa a shekarun 2000, dubban ɗaruruwan gidaje masu su suka kulle suka koma kusa da aiki. A Angola an gina birnin Kilamba, bene kusan 750, kilomita wajen 30 daga Luwanda. A 2012 kusan fayau yake don kuɗin ya fi ƙarfin jama'a, sai da aka karya farashin a 2013 sannan ya cika.

Kada wannan ya kashe maka gwiwa. 'Yan haya sun taɓa juya gwamnati. A 1915, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, masu gidaje a birnin Glasgow na Sukotland suka ƙara haya alhali maza suna fagen daga. Mata, da Mary Barbour a gaba, suka ƙi biya. Suna zaman gadi a bakin matakala, in ma'aikacin kotu ya doso don fitar da wata, a kaɗa ƙararrawa maƙwabta su fito su tare ƙofa. Kafin shekarar ta ƙare majalisar Birtaniya ta yi dokar da ta mayar da haya yadda take kafin yaƙi. Ba su da kuɗi ba su da muƙami, a lokacin ko ƙuri'ar majalisar ƙasa ba su da ita, amma sun san junansu kuma sun tsaya wuri ɗaya.

Ka nemi 'yan haya irinka, ku yi rajistar zaɓe a inda kuke zaune, ku riƙa zuwa taro tare. In ɗan takara ya ce zai gina gida dubu hamsin, kada ku tafa tukuna. Ku ce ya nuna muku filin a taswira, ɗayanku ya hau motar haya daga can zuwa inda ake aiki da safe ya duba agogo. Ku tambaye shi yadda za a raba, ko za a liƙa sunayen waɗanda suka samu a inda kowa zai gani. Sannan ku ce ya buɗe kasafin ya nuna muku layin da aka rubuta kuɗin gyara na shekara ta goma, da ofishin da zai sa hannu in injin ruwa ya ƙone.

Masu tambaya a kan rikicin iyakar fuloti da maƙwabta, wasiƙunku sun iso, su za mu ɗauka a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.